Agogon Ramin Kuza

Uku Sallau ya jera min a kan kwali,
a bayan shagonsa na Dilimi,
inda guduma ke dukan ƙarfe tun hantsi.
Shekara tara ya yi a jirgin ruwa can Fatakwal,
ya dawo da tari, da akwati, da waɗannan.
Ya ce, "Zaɓi, Barau.
Ba su san azahar ba, ba su san la'asar ba,
lokacin fitowa daga ruwa kaɗai suka sani."

Na farkon fari ne, siriri, kamar na ango,
fuskarsa launi-launi,
yana hira da waya, yana ƙirga bugun zuciya.
Na tambayi kuɗi.
Ya faɗa, na yi dariya, shi bai yi ba.
Albashin ɗan kwana-kwana na wata bakwai,
ba haya, ba garin tuwo, ba kuɗin makarantar Kyallu.
Na mayar da shi a hankali, kamar ƙwan aro.

Na biyun tsoho ne, gilashin duk zane,
batir ɗinsa a liƙe, sai an aika Ikko.
Araha, in ji Sallau.
Na ce araha ba ta ado,
kuma ban san wanda ya ɗaura shi kafin ni ba,
ban san ko da ƙafarsa ya koma gida ba.

Na ukun baƙi, mummuna,
faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara.
Maɓalli ɗaya tak.
Lambobinsa manya, irin na allon 'yan aji ɗaya.
Batir kamar sule, kai da kanka za ka canja.

Ruwanmu ba irin na talabijin ba ne,
mai shuɗi, mai kifi ja da ɗorawa.
Ramin kuza ne, wanda kakana ya haƙa
da diga da kwano a ka,
ya tafi ya bar wa damina ta cika.
Mita shida ƙasa, tafin hannunka ma baƙo ne,
sanyi na cizo ta cikin roba,
laka na tashi kamar an dama kunu.
A can me zan yi da launi?
Fitila nake so, da lambar da ido zai kama,
da ƙarar da za ta tsawata min in na yi gaggawa.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni:
"Ya san a kan dutse muke?"
Don Jos ba bakin teku ba ce,
iskarmu shara-shara ce,
lissafin masu teku ƙarya yake yi a nan.
Oga Dalyop da lissafin teku ya shiga bara,
ya taso da yaro a kafaɗa, ya taso da sauri.
Yau da sanda yake zuwa karɓar fansho.

Sallau ya danna, ya sake dannawa,
sai ga ɗan hoton tsauni a kusurwa.
Na ƙirga masa kuɗin adashin Lantana,
ya rage min dubu biyu, don tari ya hana shi ciniki.

Ranar Talata aka kira mu bayan Bukur.
Na sauka, na laluba, na samu abin da aka aiko ni nema.
Ina tasowa, saura mita biyar,
haske ya fara kore a samana,
sai baƙin ya yi ƙara: tsaya, minti uku.

A bakin ramin akwai uwa.
Ban ji muryarta ba, amma igiya na rawa,
na san hannuwa nawa ke ja.
Na riƙe. Na kalli lamba.
Uku.
Biyu.
Ban taɓa sanin minti na da nauyi haka ba.

Da dare Kyallu ta ɗaura shi, ya zame har gwiwar hannu.
Ta ce, "Baba, ƙarfe nawa?"
Na ce, ƙarfe na dawo.